Caca

caca (suna, mace) 1. Wasan zuba kuɗi ko kadara bisa sa'a, wanda ya ci ya kwashe. Mai yi: ɗan caca, jam'i: 'yan caca.

2. cacar intanet: zuba kuɗi ta waya kan sakamakon wasan ƙwallo, a manhajoji irin su Bet9ja da SportyBet. Shari'ar Musulunci, wadda Jihar Katsina ta ƙaddamar a 2000, ta haramta caca, amma cacar intanet ba ta bukatar shago. Matashi a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa yana iya yi daga ɗakinsa. Babban haɗarinta shi ne jaraba: wanda aka cinye sai ya ƙara zubawa don ya fanshe, har bashi ya yi masa katutu. Hukumar Lafiya ta Duniya na lissafa wannan jarabar cikin cututtuka.

Misali: Caca ta cinye masa kuɗin takin bana.