Daga Gawayin Kirya Zuwa Lu'ulu'un Ɗakin Bincike

Manufar wannan maƙala ita ce mu bi sawun abu guda, wato kabon, daga maƙera zuwa ɗakin bincike, domin mu ga yadda sabon ilmi kan karya darajar abin da ake haƙowa.

Maƙeran Talata Mafara da Bakura da Maradun sun daɗe da sanin cewa gawayin kirya ya fi ƙarko a wuta. Da gawayi magabata suka riƙa narka tama a ƙasar Hausa suna fitar da ƙarfe. Amma bayan da jirgin ƙasa ya iso Ƙaurar Namoda a 1929, ƙarfen Turawa ya yawaita, narkar tama kuwa ta ja baya har ta mutu, alhali tamar tana nan a ƙasa.

A 1797 Smithson Tennant na Ingila ya tabbatar cewa lu'ulu'u, wato daiman, kabon ne zalla, asalinsa ɗaya da gawayi, sai dai tsarin ƙwayoyinsu ya bambanta. A Disambar 1954 Tracy Hall na kamfanin General Electric a Amurka ya ƙera shi da tsananin zafi da matsi. A 1982 kuma masanan Japan suka bayyana hanya mai sauƙi. Akan haɗa iskar metan, kimanin kashi 1 cikin 100, da iskar haidirojin, a bi da su kan waya mai jan zafi. Kabon sai ya riƙa kwanciya sannu a hankali a kan faifai mai zafin digiri 800, haidirojin na cinye mai laushin, mai taurin na wanzuwa. Da wannan siririn rufi ake lulluɓe bakin kayan yanka da na huda.

Botswana, wadda yawancin kuɗinta na ƙetare daga lu'ulu'u yake, ta ji a jikinta. Ƙerarren ya shiga kasuwa da arha, cinikin na haƙa ya faɗi, tattalin arzikinta ya ja baya a 2024.

Daga ƙarshe, wannan tarihi ya shafe mu. Zamfara ta sa rai ga zinariya, har gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010. Muna ganin ya kamata makarantunmu, musamman Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, su ba ilmin sarrafa ma'adinai muhimmanci, su kuma fara da rubuta abin da tsofaffin maƙera suka sani tun suna raye.