Awon Fili Kafin Aza Tubali: Daga Takalafiya Zuwa Yankara

Garin Yankara yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta nufi Gusau, a ƙaramar hukumar Faskari, dab da iyakar Katsina da Zamfara. Kamar sauran garuruwan bakin wannan titi, kasuwa da mota ne suka raya shi. A shekarun nan kuwa wani abu dabam ne ke sauya ƙirar garuruwan yankin. Tun da ta'asar 'yan bindiga ta ta'azzara a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, mutanen ƙauyuka ke kwararowa duk inda ke da kwalta da jami'an tsaro. Wasu sun raɓa a gidan dangi, wasu a ajin firamare, wasu a kangon da mai shi bai kai ga rufawa ba. Wanda ya ga zaman zai yi tsawo ya nemi ɗakin haya, wanda ya sayar da 'yan dabbobinsa ya nemi fili. Ta haka gonakin bakin gari ke komawa fulotai, dillali ne ke riƙe da igiyar awo, kuma ba kasafai ake barin hanyar mota ko ta ruwa ba, balle wurin makaranta ko maƙabarta.

Wa doka ta ɗora wa alhakin shata layi a gari irin wannan, kuma me ya sa ba a ganinsa? Amsar tana cikin tarihin shekara ɗari da 'yan kai. A tsawon wannan lokaci hukuma a Arewa ta fi ba da ƙarfinta ga gina gidaje ƙalilan domin ma'aikatanta, ta bar aikin da ya fi arha ya kuma fi isa ga talaka, wato auna fili da fitar da hanya da samar da ruwa kafin mutane su fara gini.

Kafin zuwan Turawa, samun muhalli a ƙasar Hausa yana da hanyarsa sananniya. Baƙo ya sauka, mai masaukinsa ya kai shi gaban mai unguwa, mai unguwa ya kai shi ga dagaci, a nuna masa fili, ya ba da goro. Ƙasar gini tana nan a bayan gari, azara daga giginya, shuci daga fadama, hannu kuwa na dangi da maƙwabta ne ta hanyar gayya. Ba a gama gida rana ɗaya. A kewaye da darni, a yi ɗaki, baɗi a yi zaure, in ɗa ya yi aure a yanka masa sashe. Tsarin yana da illolinsa: kududdufin da aka haƙi ƙasa ya zama matattarar sauro, lunguna su tsuke, gobara ta lashe unguwa a dare guda, dagaci kuma yana iya fifita wanda ya fi cika masa hannu. Amma ba ya buƙatar banki, kuma yana tafiya daidai da aljihun manomi, wanda kuɗinsa ke zuwa sau ɗaya a shekara, da kaka.

Dokar ƙasa ta 1910 ta sanya dukkan filayen Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, a matsayin amanar jama'a. A ƙauye wannan bai sauya komai ba, dagaci ya ci gaba da rabonsa. Inda Turawa suka sa sarƙar awo shi ne inda su kansu za su zauna. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Lugga, ta kasa birane aji-aji, an kuma shimfiɗa ƙa'idar barin fili mai faɗin yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, da hujjar kariya daga zazzaɓin cizon sauro. A Kano, bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, an yanka Sabon Gari layi-layi a 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa baƙi, an ƙawata Nasarawa da itatuwa da faffaɗan titi, aka bar cikin birni a hannun En'e. Ƙasar kudancin Katsina kuwa, ko bayan da dogo ya ratsa Funtuwa ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, a idon mulkin mallaka gonar auduga ce da rijistar haraji. Yadda manomin audugar ke kwana bai shiga lissafi ba.

Wuri ɗaya ya fita daban, kuma ba shi da nisa sosai: Anchau, a gabashin Zariya, cikin ƙaramar hukumar Kubau ta yau. Ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya yi wa yankin mummunan kamu a shekarun 1930. A 1937 aka fara wani shiri ƙarƙashin masanin ƙwari T. A. M. Nash, da kuɗin asusun raya ƙasashen mulkin mallaka. An sassabe bakin rafuka a wani zirin ƙasa mai faɗin murabba'in mil kusan 700 domin hana tsando mafaka, aka tashi kimanin mutum 5,000 daga ƙananan ƙauyukan da suka warwatsu a daji aka tattara su a sababbin matsugunai. Domin rage cunkoson tsohon garin Anchau, aka kafa sabon gari a kusa da shi aka raɗa masa suna Takalafiya.

Takalafiya ta cancanci a tsaya a kanta, domin ba a shigo da wani baƙon gida ba. Ginin na ƙasa ne da jinka, irin wanda kowane magini na yankin ya iya, kowane magidanci kuma zai iya gyarawa bayan damina. Abin da hukuma ta ƙara shi ne abin da mutum ɗaya ba zai iya yi wa kansa ba: tituna masu faɗi da ke tare gobara, tazara tsakanin ɗakuna, rijiyoyi masu bakin siminti nesa da masai, wurin kasuwa, da itatuwan inuwa a jere. Da an tsaya nan, da labarin ya yi daɗi. Sai dai an yi aikin ne da ƙarfin sarauta. Ba a tambayi waɗanda aka tasa ko suna so ba, kuma sassaben rafi na kowace shekara umarni ne daga sama. Lokacin da masanin al'adu ɗan Amurka Horace Miner ya binciki yankin kimanin shekara ashirin da fara shirin, ya tarar mutane na yin sassaben ne saboda tsoron hukuma, ba don sun yarda cewa ƙuda ke kawo ciwon ba. Inda ido ya kau, aikin ya kwanta. Takalafiya ta nuna cewa ana iya tsara gari da kayan talaka, ta kuma nuna abin da ke biyo baya idan ba a yi shawara da mazauna ba. Gwamnatocin baya ba su ɗauki ko ɗaya daga cikin darussan biyu ba.

Abin da ya biyo baya na manyan birane ne. An yi dokar tsara gari da karkara a 1946, wadda aka kwaikwayo daga ta Ingila. Kano ta samu tsarin shekara ashirin na Trevallion daga 1963, Kaduna ta samu na Max Lock a 1967. Ko babban aikin gona na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa daga tsakiyar shekarun 1970, wanda ya haɗa da gundumomin Faskari da Ƙanƙara da Bakori da Malumfashi, hanyoyin karkara da taki da cibiyoyin manoma ya kawo. Garuruwan da hanyoyin suka kumbura an bar su su yi girma yadda suka ga dama.

Sai sauye-sauye biyu suka zo a jere. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rushe abin da ya rage na En'e, ya raba hakimai da dagatai da ikon gudanarwa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filin kowace jiha ga gwamnanta. Shi ke ayyana inda ya zama birni, shi ke ba da takardar mallaka a can. Amma sashe na 6 ya bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da izinin zama na gargajiya a duk ƙasar da ba a ayyana birni ba, domin noma ko gidan zama, ya kuma ba ta ikon karɓar fili domin amfanin jama'a tare da biyan diyya. Dokar ta tanadi kwamitin ba da shawara kan rabon fili a kowace ƙaramar hukuma. A takarda, ke nan, mai shata layi a garuruwan karkara ya samu. A aikace, an karɓe iko daga dagacin da ya san iyakar kowace gona aka miƙa wa sakatariyar da sau da yawa ba ta da ko ma'aunin ƙasa ɗaya. Jama'a suka ci gaba da cinikin fili da takardar hannu da sa hannun mai unguwa, takardar da kowa a gari ya yarda da ita amma banki bai san ta ba.

A cikin wannan hali Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki a 1979, da jam'iyyar da tambarinta gida ne da masara. Alkawarin shi ne gida 2,000 a kowace jiha kowace shekara, jihohi 19 da Abuja, wato 40,000 a shekara, mafi yawansu masu ɗakin kwana ɗaya domin masu ƙaramin ƙarfi. Ba daidai ba ne a raina niyyar. Amma har sojoji suka kifar da gwamnatin a ƙarshen 1983 ba a kai rubu'in abin da aka ƙudura ba. Gwamnatin tarayya ke da kuɗi, gwamnoni ke da fili, kuma inda gwamna ɗan adawa ne sai a yi ta jan ƙafa, ko a ba da fili can bayan gari inda babu ruwa babu wuta babu motar haya. 'Yan kwangila suka ci nasu rabon. Wasu rukunan suka shekara da shekaru ba kowa sai ƙadangaru.

Akwai kuma matsalar da ba a cika ambata ba, ta fasalin gidan kansa. An zana shi iri ɗaya daga Legas har Sakkwato: ɗaki da falo, ƙofa tana kallon titi. Babu zaure inda maigida zai karɓi baƙo, babu tsakar gida inda mata za su yi girki da daka cikin sutura, babu wurin turke ko rumbu. Duk wanda ya zaga rukunan da ake kira gidajen Shagari a garuruwan Arewa zai ga yadda mazauna suka yi musu kwaskwarima, suka ja katanga, suka ƙara ɗakuna, har gidan ya koma kamannin wanda suka sani. Kuɗin da gwamnati ta kashe a bango, da ta kashe shi a famfo da kwalbati, da magidanta sun yi bangon da kansu, yadda suke so.

Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 ya bi sawun wannan tunani. Ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, shi kuma ya nemi rance ta hannun bankin lamunin gidaje. Sharaɗin farko albashi, na biyu takardar mallaka ta hukuma. Manomin masara a Yankara ko mai sayar da hatsi a kasuwar Sabuwa ba shi da ko ɗaya. A shekarar ce kuma aka yi dokar tsara birane da yankuna wadda ta tanadi hukumar tsarawa a kowace ƙaramar hukuma, tanadin da galibi ya tsaya a takarda, musamman bayan Kotun Ƙoli ta yanke a 2003 cewa tsara gari hurumin jihohi ne.

Jihar Katsina, tun da aka ƙirƙiro ta a 1987, ta gina rukunan gidaje masu kyau, irin su Goruba da Barhim da Fatima Shema. Duk a babban birnin jiha suke, kuma ma'aikata ne suka fi cin moriyarsu. Babu laifi a ba ma'aikaci gida. Laifin shi ne a kira wannan manufar muhalli ta jiha mai ƙananan hukumomi 34, alhali mafi yawan gidajen da ake ginawa a cikinta magidanta ne ke gina su da kuɗin kaka, ɗaki bayan ɗaki.

Rashin tsaro ya matse lokacin da ake da shi. Sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020 ya sa duniya ta waiwayo yankin. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, har da waɗannan uku. Kowane irin wannan mataki yana taɓa kasuwa, yana kuma ƙara tura mutane zuwa garuruwan da suka fi girma. Ga tsadar kayan gini: a farkon 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000 a kasuwanni da dama. A irin wannan yanayi, ƙaramar hukumar da ta ce za ta gina wa kowa gida ba gaskiya take faɗa ba. Abin da ke cikin ikonta ya fi wannan sauƙi: ta zauna da masu gonakin bakin gari da masu unguwanni kafin dillali ya riga ta, a fitar da hanyoyi da magudanan ruwa, a ware filin makaranta da asibiti da maƙabarta, a yanka fulotai ƙanana da mai ƙaramin ƙarfi zai iya saye, a haƙa rijiyar burtsatse, a ba kowa takardar da kotu za ta karɓa, a kuma ƙyale shi ya yi ginin ƙasa in shi ne ƙarfinsa. Fitar da hanya a gonar da ba a gina ba aikin kwana kaɗan ne da turaku. Fitar da ita bayan an gina unguwa sai da rusau da diyya da shari'a.

Uzurin da aka daɗe ana bayarwa shi ne kuɗi, domin kason ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha ke riƙe da shi. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan su kai tsaye daga asusun tarayya, ko da yake aiwatar da hukuncin ya yi ta tafiyar hawainiya. Sashe na 6 na dokar 1978 kuwa yana nan yadda aka rubuta shi, domin an cusa dokar cikin tsarin mulki, ba a iya taɓa ta sai ta hanyar gyaran tsarin mulkin kansa.