Tarihin Lalle a Bukukuwan Aure na Ƙasar Indiya

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kallon bikin aure a fim ɗin Indiya ya ga amarya zaune a tsakiyar mata, hannuwanta a miƙe, an lulluɓe su da zane tun daga kan yatsu har gwiwar hannu. Wannan shi ne mehndi, sunan da ya haɗa ganyen lalle da zanen da kuma bikin kansa. Mai kallo yakan ɗauka haka al'adar take tun fil'azal. Tarihi kuwa ya nuna abubuwa uku ne suka haɗu, kowanne da shekarunsa: ganyen daɗaɗɗe ne, bikin ya bunƙasa a zamanin daulolin Musulmi, ƙananan zane-zanen kuma na baya-bayan nan ne.

Ganyen da Sunayensa

Itacen lalle, wanda masana tsirrai ke kira Lawsonia inermis, yana son ƙasa mai zafi da ƙarancin ruwa. Shi ya sa ya yaɗu daga arewacin Afirka da Sahil zuwa ƙasashen Larabawa, Farisa da arewa maso yammacin Indiya. A ganyensa akwai sinadarin da ke kama fata da farce da gashi. Launin yana zama ne a saman fata kawai, don haka yake gushewa cikin mako biyu zuwa uku. Mutanen tsohuwar Masar sun san shi, domin an sami alamarsa a gashin wasu gawarwakin da suka adana.

A Indiya sunaye biyu ne ke yawo. Mehndi ya samo asali daga kalmar mendhika ta harshen Sanskirit, hina kuma daga Larabci ta shigo ta hanyar Farisanci zuwa Urdu. Wannan tagwaitakar suna ta yi daidai da saɓanin masana: wasu na ganin an daɗe da sanin ganyen a ƙasar, wasu na ganin baƙi daga yamma ne suka yaɗa ado da shi. Abin da ya tabbata shi ne, jan hannu da jan ƙafa tsohon ado ne a wurin matan Hindu. Suna da wani jan rini mai suna alta, wanda a da ake haɗawa daga ƙaron da wani ɗan ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa. Har yau amaren Bengal da Odisha suna shafa shi a gefen ƙafa. Ke nan lalle ya tarar da gurbin da aka riga aka tanadar wa jan launi.

Daga Fada zuwa Gidaje

A shekarar 1206 aka kafa daular Musulmi a Delhi, a 1526 kuma Babur ya yi nasara a yaƙin Panipat ya kafa daular Mugal. Waɗannan fadoji sun rungumi harshen Farisa da ɗabi'unta, ciki har da daren ɗaura lalle kafin aure. Misali sananne shi ne auren Dara Shikoh, babban ɗan Sarki Shah Jahan, da Nadira Banu a birnin Agra a 1633. Yayarsa Jahanara ce ta tsaya kan shirye-shiryen, saboda mahaifiyarsu Mumtaz Mahal ta rasu a 1631. Cikin shagulgulan har da daren hinabandi, inda aka sa wa angon kansa lalle. Wannan ya nuna cewa a wancan zamani lallen aure bai keɓanta ga amarya ba.

Al'adar ba ta tsaya ga addini ɗaya ba. Hindu da Musulmi da Sikh duk sun riƙe ta, kowa ya ba ta kamar garinsu. A Kashmir akwai dare guda da aka ware wa lalle. Musulmin Mappila na jihar Kerala suna kiran nasu mailanji, inda mata ke kewaye amarya suna tafi da waƙar oppana. A Panjab da Rajastan zaman lallen yakan zo tare da shafa wa ango da amarya kurkum, da kuma daren kiɗa da ake kira sangit.

A wurin Hindu lalle na cikin kayan ado goma sha shida na mace, kuma alama ce ta matar da mijinta ke raye. Saboda haka matan aure ke sa shi a bukukuwan Tij da Karwa Caut, wadda mijinta ya mutu kuwa a al'adar gargajiya takan bar shi. Tsofaffi sukan ce gwargwadon yadda lallen ya kama, gwargwadon son da miji ko uwar miji za su yi wa amarya. A gidaje da yawa kuma ba a sa ta aikin gida sai launin ya koɗe, abin da ke ba baƙuwa ƴan kwanakin hutu ta fahimci sabon gidanta.

Sabon Zane

Hotunan da masu zanen fadojin Mugal da na Rajput suka bari galibi suna nuna mata da jajayen kan yatsu da jan tafin hannu. A ƙauyuka ƴan uwa ko matar wanzami ke sa lallen, da yatsa ko da tsinke, kuma sau da yawa ɗigo ne babba a tsakiyar tafi. A ƙarshen ƙarni na 20 ne naɗaɗɗiyar leda mai tsinin baki ta yaɗu. Da ita aka sami damar jan layi siriri kamar zare, sai zanen ɗawisu da mangwaro da furanni da giwa da hoton ango da amarya suka cika hannu har damtse. Ana ɓoye sunan ango cikin zanen don ya nemo shi. Ana ɗiga ruwan lemun tsami da sukari a kai, a kara hannu a hayaƙin kanumfari, don launin ya yi duhu.

Finafinai irin su Hum Aapke Hain Koun na 1994 da Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995 sun ƙara yaɗa salon bikin arewacin ƙasar zuwa wasu sassa da ƙetare. Zaman da a da na mata ne a cikin gida ya koma babban taro, zane kuma ya zama sana'a. Garin Sojat na gundumar Pali a Rajastan ya shahara da noman lalle, har a 2021 hukuma ta yi wa sunan lallensa rajistar asali. Sai dai kasuwa ta zo da illarta: baƙin rinin da ake sayarwa da sunan lalle yakan ƙunshi sinadarin rinin gashi, wanda ke ƙona fatar wasu ya bar tabo.

Kammalawa

Ɗalibin Hausa ba baƙo ba ne a wannan fage. Sa lalle, ƙunshi da zunguru sun daɗe a auren Hausa tun kafin majigin Indiya ya iso Kano, Damagaram ko Maraɗi. Abin da ya shigo daga baya shi ne salon zanen fulawa, wanda ya haɗa tasirin Indiya da na Sudan da na Larabawa. Darasin tarihin mehndi shi ne a rarrabe tsakanin tsohon ginshiƙin al'ada da sabon adonta. Kayan aiki sun canza, zane ya canza, amma a Agra ta 1633 da Indiya ta yau, lalle shi ne shaidar da dangi ke sa wa jiki cewa mutum ya bar wani matsayi na rayuwa ya shiga wani.