Bazawarar Malfi a Hannun Masu Sharhi

A shekarar 1498 mijin Giovanna d'Aragona, mai mulkin Amalfi a kudancin Italiya, ya rasu ya bar ta da ciki. Ta haifi ɗa namiji, ta riƙe masa sarauta. Daga baya ta auri mai kula da gidanta, Antonio Beccadelli, a ɓoye, har suka haihu. Da asiri ya tonu a 1510 ta gudu wurinsa a Ancona. 'Yan uwanta maza, ɗaya babban limamin coci mai muƙamin Kardinal, suka sa aka kamo ta, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Shi kuma Antonio aka kashe shi a Milan a 1513.

Labarin ya isa Ingila ta littafin William Painter na 1567, wanda ya kawo shi a matsayin izina ga mata: ga abin da ke samun bazawarar da sha'awa ta ja ta auri bara. Daga nan John Webster ya ɗauko shi wajen 1613, ya rubuta wasan kwaikwayonsa, The Duchess of Malfi. Sai dai ya karkatar da akalar. Ita ya ba natsuwa a gaban masu shaƙe ta, ya ɗora hauka kan ɗan'uwanta Ferdinand, wanda ya koma tonon kaburbura da dare yana ganin kansa kyarkeci ne.

Duk da haka masu sharhi ba su daina yi mata shari'a ba. A 1978 Joyce Peterson ta fitar da littafi guda tana cewa matar ta fifita son ranta a kan amanar mulki, don haka faɗuwarta darasi ne ga masu sarauta. Maganar ba ta banza ba ce. Mai riƙon ƙwarya da ta ɓoye aure da haihuwa shekaru ta jefa gadon ɗanta cikin haɗari, kuma a wasan da ƙyar ake ganin ta tana gudanar da mulki.

A 1985 Frank Whigham ya juya tambayar kan Ferdinand. A ganinsa, kishin da yake yi wa 'yar'uwarsa, wanda har ya kai ga sha'awar haram, tsoron basarake ne kada jininsa ya gauraya da na talaka a zamanin da barori masu ilimi ke hawa sama. Mary Beth Rose kuma, a 1988, ta ga jarumta ce sabuwa, ta aure da iyali, tana karo da tsohuwar jarumtar takobi da asali.

Ni na fi karkata ga Whigham, saboda yadda aka gina wasan. Ta mutu a kashi na huɗu, amma Webster ya ƙara kashi na biyar cur, inda masu hukunta ta suka yi ta kashe juna cikin duhu da kuskure. Wanda ke son a zarge ta ba zai ɓata wannan lokaci yana tona ruɓar alƙalanta ba.

'Yan kallon Landan kuwa ba sai an yi musu bayani ba. A 1610 Arbella Stuart, 'yar'uwar Sarki James na Ɗaya, ta auri William Seymour ba da izinin sarki ba. Lokacin da aka fara nuna wasan tana tsare a kurkukun Hasumiyar Landan, inda ta daina cin abinci ta mutu a 1615.