Agbogbloshie: Tarihin Kasuwar 'Yan Gwangwan ta Accra

A 1991, lokacin da Ghana ke shirin karɓar baƙuncin taron ƙasashen 'yan ba-ruwanmu, mahukuntan Accra suka kwashe 'yan tireda daga tsakiyar gari suka zube su a bakin tafkin Korle, inda kogin Odaw ke gangarawa teku. Wurin fadama ce, ba wanda ke sha'awarsa. Shekara 3 bayan haka rikici ya ɓarke a arewacin ƙasar tsakanin Konkomba da maƙwabtansu Nanumba da Dagomba, jama'a suka yi ta kwararowa kudu, unguwar Old Fadama da ke bakin tafkin ta cika maƙil. Ga kasuwar doya, ga ta albasa wadda fatake 'yan Nijar suka yi ƙarfi a cikinta, sai kuma ta 'yan gwangwan, wadda daga baya ta sa duniya ta san sunan wurin, wato Agbogbloshie.

A lokacin da kasuwar ke ci, yawancin masu sana'ar gwangwan samarin Dagomba ne da noma ya kasa riƙewa a gida. Tun da asuba suke tura kura suna zaga unguwanni, suna sayen mataccen firiji da talabijin da injin mota. Idan kaya suka iso, guduma da kurfi ne ke aiki.

Firiji kuwa, a wurin wanda ya san shi, kusan ba abin yarwa a jikinsa. Gangar jikin ƙarfe ce, ana tara ta a auna a kai masana'antun narka ƙarfe na Tema, ta dawo kasuwa a matsayin rodin gini. Alminiyum ɗin ciki na tafiya wurin maƙera su zuba tukwane. Amma idon kowa yana kan kwamfaresa, baƙar ƙwaryar nan da ke ƙasa ta baya: idan tana da sauran rai, masu gyara su saye ta su tayar da wani firijin, idan ta mutu, a fasa ta a zaro jan ƙarfen da ke naɗe a ciki, wanda ya fi komai tsada a sikeli. Wannan ilimi ne na gaske, kuma ba a aji aka koye shi ba, yaro ne ke zama a gefen maigidansa har hannunsa ya faɗa.

Matsalar tana cikin abin da ba ya sayuwa. Iskar sanyin tsofaffin firiji, wato CFC da yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa a daina yi saboda tana cinye rufin ozon, da an yanke bututu sai ta bi sama. Soson da ke cikin bangon firijin kuma shi ne makamashin da ake haɗawa da tsofaffin tayoyi a ƙona wayoyi, roba ta narke, jan ƙarfe ya fito. Baƙin hayaƙin nan ne ke shiga ƙirjin yaran da ke tsaye a kansa, yana kuma sauka a kan abincin da ake sayarwa a kusa. A 2019 wani bincike na ƙungiyoyin IPEN da Basel Action Network ya nuna cewa wanda ya ci ƙwai ɗaya na kajin da ke kiwo a wurin ya haɗiyi gubar dayoksin da ta ninka abin da hukumar abinci ta Turai ta amince da shi a rana sau 220.

Tun rahoton Greenpeace na 2008 masu ɗaukar hoto suka yi wa wurin ca, a 2013 kuma cibiyar Blacksmith ta sa shi cikin wurare 10 mafi gurɓata a duniya. Jaridu suka riƙa kiransa babbar bolar Turawa. Wannan suna bai yi wa mutanen adalci ba. A 2009 Ghana ta shigo da kayan lantarki kimanin tan 215,000, kashi 70 cikin 100 na hannu ne, kuma akasarinsu suna aiki ko suna gyaruwa. Talaka ya sayi firijin da zai iya saya, ya mori abinsa, sai da ya mutu a Accra ya isa Agbogbloshie. Ma'ana, waɗannan samari sharar birnin suke kwashewa, aikin da hukuma ba ta yi.

Gwamnati ta hana shigo da tsofaffin firiji daga Janairun 2013 saboda shan wutar da suke yi, ta kuma kafa dokar sharar lantarki a 2016. Hukumar GIZ ta Jamus ta gina wurin horo da ɗakin shan magani a cikin kasuwar a 2019, har an fara sayen wayoyi daga hannun samarin don kada su ƙona su. A ganina wannan ita ce hanyar da ta dace a bi.

Sai ga shi ranar 1 ga Yulin 2021 motocin rusau da jami'an tsaro suka share kasuwar, a ƙarƙashin jagorancin ministan yankin Accra na lokacin, Henry Quartey. An mayar da masu albasa Adjen Kotoku. 'Yan gwangwan suka haɗa kuɗi suka sayi fili a Teacher Mante, can a Yankin Gabas, nesa da unguwannin da suke samun kaya. Da yawa ba su iya tafiya ba, suka koma fasa firiji da ƙona waya a lungunan Old Fadama, dab da ɗakunan da iyalansu ke kwana.