Katakon da ake zama a kai cikin kwale-kwale: zare daga Sifawa

1/ Jama'a ku matso, yau ma zaren tarihi ne, amma ba na sarakuna ba. Kan katakon nan da ake zama a kai cikin kwale-kwale zan yi magana. Kar ku yi dariya tukuna 🧵

2/ Ni ɗan Sifawa ne. In an ambaci garinmu Shehu Usmanu ake tunawa, don nan ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ba mai haɗa sunanmu da ruwa. Amma miƙe hanyar Jega, kafin ka gama ɓare gyaɗar hamsin ka iso Shagari. Can akwai ruwa, kuma ya ci mutane.

3/ Afrilun 2022, cikin azumi, jirgi ya kife da mutanen Gidan Magana, 29 sunka rasu. Mayun 2023 a Dandeji, yara 15, itacen girki sunka tafi nema. Allah Ya jiƙan su.

4/ Kullum bayani guda ne: lodi ya yi yawa, ba rigar kariya. Gaskiya ne. Amma ni ga abin da ya dame ni: mota ƙirga kujeru ake yi a san ta cika. To kwale-kwale, me ake ƙirgawa?

5/ Mu koma baya. Jirgin kakanni kututturen itace guda ne, irin su maɗaci, a sassaƙe cikinsa. Na masunta ne, musamman Sarkawan ƙasar Kabi da Yawuri, waɗanda masana ke danganta asalinsu da masuntan Sorko na daular Songhai. Jirgin sana'a ne: wani a baya da filafili, wani a gaba da taru.

6/ Kujera? Babu. In an ɗauki baƙo, a ƙasan jirgi yake durƙusawa ko ya zauna dirshan. Ba daɗi, rigarka ma sai ta jiƙe. Amma akwai hikima ciki: duk yadda nauyi ya yi ƙasa, haka jirgi ke wuyar kifewa.

7/ In ana son babba, a kogin Kwara haɗa jirage biyu ake yi. Ko Mungo Park haka ya yi a Sansanding ta ƙasar Mali a 1805, ya haɗa tsofaffin kwale-kwale biyu, ya gangaro da shi har ya wuce Yawuri, ya halaka a Busa farkon 1806.

8/ Sai zamanin katakon inji da ƙusa. Jirgi ya ƙara tsawo da faɗi. Amma jirgin katako, in ba a gitta masa wani katakon daga gefe zuwa gefe ba, bangayensa ba su da ƙarfi. Wato abin nan da muke ce ma benci, asalin aikinsa riƙe haƙarƙarin jirgi ne. Mu ne munka gan shi munka ɗare.

9/ Ka ga an samu canji ba tare da kowa ya shirya ba. Fasinja ya tashi daga ƙasa ya hau sama. In benci ya cika a zauna bisa baki, in baki ya cika a tsaya. Ga itace, ga buhu, wani sa'in har babur.

10/ Sannan inji ya zo. Ole Evinrude ya ƙera injinsa na maƙalawa a bayan jirgi a Amurka a 1909, Yamaha ta fitar da nata na farko a 1960. Bayan an gama madatsar Kainji a 1968, tabki ya buɗe, jiragen inji sunka zama motocin kasuwa. A Mayun 2021 ɗaya ya nutse kusa da Wara a jihar Kebbi, da mutum sama da 150 a ciki.

11/ Madatsun ruwa irin na Goronyo da Shagari sun sauya ruwan, sun sauya fasinja. Yanzu manomi ne, da mata, da yara, waɗanda ba gidan su sunka tashi ba, da yawa ko iyo ba su iya ba. Da jirgi ya karkata kaɗan, kowa sai ya zabura gefe guda. Nan take nan.

12/ Na taɓa shiga wani da bencinsa ɗora shi kawai anka yi, ba ƙusa. Muna tsakiya wata baba ta gyara zama, katako ya zame, mu huɗu munka zube gefe guda, ruwa ya leƙo. Wallahi har yau in na tuna cikina ɗurar ruwa yake.

13/ Dubi yadda masu jiragen gudu na Turai da Amurka ke yi. Kujerarsu tana da soso mai kauri hagu da dama wanda ke rungume ƙugun mutum, don kar igiyar ruwa ta wurga shi. Kuma ba ƙusa ake buga mata ba. Huda daɓen ake yi, a zura kusar ƙarfe mara tsatsa, a sa faranti ta ƙasa, a ɗaure da noti, a toshe hudar don kar katako ya ruɓe.

14/ Ba cewa nake a kawo mana kujerar soso Dandeji ba, wa zai biya? Dabarar nake nufi. Ƙusa a jiƙaƙƙen katako sannu a hankali take saki, noti da wasa kuwa suna riƙewa. Benci a yi shi ƙasa-ƙasa, a ɗaure shi, a raba shi da ɗan katako, mazaunin mutum ɗaya-ɗaya. Kafintan Boɗinga zai iya wanga aiki a wuni guda.

15/ Da an raba mazauni, an samu abin ƙirgawa. Sarkin ruwa zai iya tsayawa bakin mashigi ya ce ya cika. Hukumar NIWA, da anka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, ita ma ta samu lambar da za ta rubuta a jikin jirgi. Matsalar da na sani ita ce aljihun mai jirgi: ko wane mazauni da ya rage, kuɗi ne ya rage. Wannan kam sai an zauna da su.

16/ Mutanen Yawuri, Wara, Goronyo, Wamakko: jiragen mashiginku, bencinsu a ɗaure yake ko ɗorawa ake yi? Ku turo hoto a ƙasa, ina tattarawa. Hutun nan in sha Allahu zan je Shagari da tef in auna da kaina.