Sassaƙa Waliyyan Kirista da Itace a Zamanin Farfaɗowar Turai

Mutum-mutumin waliyyai na itace yana cikin manyan ayyukan fasahar coci a Turai a ƙarni na 15 da na 16. Akan kafa su a bisa bagade, ko a ɗauke su a jerin gwanon ranakun idi. Da yake yawancin masu ibada ba su iya karatu ba, kowane waliyi da alamar da ake gane shi da ita: Bitrus da makullai, Bulus da takobi.

Yadda ake aikin

Masassaƙan kudancin Jamus sun fi son itacen linden saboda laushinsa, na Italiya kuwa sukan yi amfani da poplar. Sai an rarake bayan gungumen don kada ya tsage in ya bushe. Daga nan a shafe shi da alli haɗe da manne, a yi fenti, a liƙa fallayen zinariya.

Gwanayen zamanin

A Fulorans, Donatello ya sassaƙa Maryamu Magadaliya a matsayin mai tuba: ramammiya, idanu sun faɗa, dogon gashi ya rufe jikinta, tafukanta sun kusa haɗuwa cikin addu'a. Gyaran da aka yi mata bayan ambaliyar da ta auka wa birnin a 1966 ne ya fito da ragowar fenti da zinariyar da ke jikinta. Veit Stoss ya yi daga 1477 zuwa 1489 yana aikin bagaden Cocin Maryamu a Krakow. Tilman Riemenschneider kuwa ya bar bagaden Rothenburg ba fenti, sassaƙar kaɗai ke nuna jijiya da ninkin tufa.

Saɓani da abin da ya biyo baya

Masu neman gyaran coci sun ɗauki siffofin a matsayin gumaka. An kwashe su daga majami'un Zurik a 1524, aka farfasa da dama a Holan a 1566. A 1563 Majalisar Trent ta Katolika ta tabbatar da halaccinsu, bisa cewa girmamawar tana komawa ga wanda aka siffanta.

Sassaƙar coci da itace ba ta tsaya a Turai ba. A Najeriya, limaman ƙungiyar mishan ta Katolika mai suna SMA sun buɗe wurin sassaƙa a Oye-Ekiti a 1947, inda Fada Kevin Carroll ya yi aiki da masassaƙan Yarbawa irin su George Bandele da Lamidi Fakeye, waɗanda suka sassaƙa labaran Linjila cikin salon gidansu.